Karatun Mota a Hannun Badaru

A shekarun da Turawa ba su daɗe da fasa hanyar mota ta ratsa Dutsin-Ma ba, lokacin da in an ji ƙugin inji har tsofaffi kan ajiye ƙwaryar fura su fito kallo, an yi wani mutum wai shi Badaru. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ubansa Malam, baffanninsa duk Malamai, wansa Ilu kuwa Malam ne har sau biyu, don ya sauke Alƙur'ani kuma an ba shi riƙon makarantar boko ta garin. Badaru kaɗai ne Badaru ziryan. Karatunsa ya tsaya a izifi biyu, daga nan ya tsere Kano. Wannan rashin Malam a gaban sunansa shi ne abin da ke cin ransa dare da rana.

Bayan shekara uku sai ga shi ya dawo da tabarau a goshi, da sifana rataye a wuya kamar laya, da wani gungumen itace mai gefe uku a cikin buhu. Ya ce wannan kujerar da manyan makanikai ke zama ce in suna nazarin inji. Matarsa Yelwa ta juya ta sama da ƙasa, ta ga dai za ta yi zaman tuƙa tuwo, ta kai ta madafi.

Kullum da hantsi Badaru na gindin tsamiyar kasuwa yana ba da labari.

"Ni da ido ruhe nike kwance inji," in ji shi. "Akwai motar wani Bature da ta mutu kwana arba'in. An taru, an yi, an gaji. Ni ko da na zo, gyaran murya kawai na yi sau biyu, ta tashi."

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, duk ranar da wata mota ta tsaya a garin, ranar ce Badaru ke da gaisuwar mutuwa a ƙauye. Yelwa kaɗai ta lura, ita ko ba ta da yawan magana.

"Maigida," ta ce masa rannan, "duk direban da na taɓa gani, hannunshi baƙin mai gare shi. Kai ko naka duk sartsen itace."

"Injin Kano daban ne," ya ce, ya cusa hannuwan a cikin riga.

Ana nan sai abu biyu suka haɗu a mako guda. Baturen makaranta ya zo rangadi, ya ce tun da motoci na ƙaruwa, a samo wanda zai fara koya wa manyan 'yan makaranta gyaran mota. Sannan babbar motar Alhaji Sodangi, wani attajirin gyaɗa na Kurfi, ta mace a gangaren gindin dutse, daidai saman kasuwa. Direbanta, wani Ummaru, ya tokare tayoyin da duwatsu, ya ce kada kowa ya taɓa ta, ya bi wata motar zuwa Kano neman abin gyara. Badaru bai ga direban ba, don ranar yana ƙauye wajen gaisuwa.

Da ya tabbata direba ya yi nisa, ya gyara tabarau ya nufi wansa.

"Yaya, ga makaranta na neman malamin mota, ga mota kwance, ga ni. Mi ake jira?"

Malam Ilu ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Badaru, ni na san inda karatunka ya tsaya."

"Wancan karatun allo ne. Wanga na ƙarhe ne."

"To, na ji. Ran kasuwa ta sama za a tara mutane. In motar ga ta tashi gaban jama'a, ni da bakina zan kira ka Malam, in shimhiɗa maka buzun Baba. Kahin nan ko, kada in ji yaro ɗaya ya ce maka Malam."

Buzun Baba! Badaru ya fita yana jin kamar ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa.

Alhaji Sodangi ya ɗan yi gardama. "Direba hwa ya ce kada a taɓa ta."

"Alhaji, direba mahayi ne. Ka taɓa ganin mahayi ya san ciwon doki hiye da mai barga?"

Alhaji ya dubi buhunan gyaɗarsa da ke jibge a rana, ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ran Litinin aka turo masa ɗalibai ashirin da huɗu, manya-manya, wasu har da gemu. Suka zauna a ƙasa layi guda, kowa inda ya faɗa. Tun da an hana su ce masa Malam, sai suka sa masa Mai Sifana. Ya tsaya a gabansu da tsumagiya, ya fara yadda ya ga ana yi a gidansu.

"Ku ce bisimilla. Wagga taya ce."

"Taya!"

"Wanga fulogi."

"Fulogi!"

Aka yi fanbel, aka yi lagireto, aka yi sitiyari. Nan sunayen da Badaru ya sani suka ƙare, ga shi ko azahar ba ta yi ba. Amma mutumin da ya tayar da mota da gyaran murya ba ya rasa abin cewa. Ya sa sifana ya kwanto wani ƙarfe, ya ɗaga sama.

"Wanga ƙanen fulogi."

"Ƙanen fulogi!"

"Wanga baffan lagireto. Wagga ko ba a hwaɗin sunanta gaban yara."

Wani ƙaton ɗalibi, Sada, ɗan wani manomi daga Kurfi, ya ɗaga hannu. "Mai Sifana, shi baffan lagireto mi yake yi?"

"Aikinshi."

"Wane aikin?"

"In ka girma ka sani."

Sada ya shafa gemunsa.

A nan dole a faɗi gaskiya, Badaru ya yi dabara guda ɗaya mai kyau. Ya taɓa ganin makanikai na jera abin da suka kwance a kan buhu bi da bi, don su san yadda za su mayar. Shi ya san kansa ba ya riƙe jeri, sai ya mai da yaran buhunsa. Ƙarfen farko ya ba na farkon layi, na biyu ya ba na biyu, haka har ƙarshe, in layi ya ƙare ya sake komowa. Ran mayarwa sai ya faro daga na ƙarshe ya yi baya. Bai gaya wa kowa wannan sirri ba, don kada a ce ilminsa a zaman yara yake. Kwana uku yana kwance-kwance. Da ya gama da gaba ya rarrafa ƙarƙashin motar ya zaro wani dogon ƙarfe, ya sa masa suna sandar girma, ya miƙa wa Sada. Wannan shi ne ya haɗa birki da tayoyi, amma ranar ba wanda ya san haka, har da mai koyarwa.

Ran Alhamis ɗalibai za su tafi gida hutun Juma'a.

"Mu bar ƙarahunan a nan?" in ji Sada.

"Ka taɓa ganin an bar allo a makaranta? Kowa shi tahi da nashi, a yi tilawa."

Ran Asabar suka dawo. Ashirin da ɗaya sun zo da nasu, an ma wanke su tas da toka, yadda ake wanke allo. Uku kuwa suka zo hannu rabbana. Garba na Rawayau ya ce babansa ya ga fanbel ya dace da dabaibayin jaki. Tukur, ɗan dagacin Karofi, ya ce kakarsa ta karɓe fulogi. Sada ya ce babansa ya kai sandar girma maƙera.

Badaru ya ari jaki ya kama hanya, yana tafe yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi wai duba ɗalibai za shi.

A Karofi ya iske tsohuwa Kulu, kakar Tukur, zaune a zaure, jikanta na goye, fulogi na reto a wuyan jaririn, an ɗinke shi da jar fata.

"Iya, abin ga na mota ne."

"Daga gidan wa ya hito?"

"Daga hannuna."

"Kai ba ɗan gidan malamai ba ne? To, abin da ya hito gidan malamai ai ba a wasa da shi. Tun da anka rataya mashi tarin ya tsaya."

"Iya, wuta yake ba inji."

"Shi ya sa. Sanyi ne ya kama yaron."

Sai da Badaru ya cire tabarau ɗinsa ya rantse mata sun fi ƙarfi, don har gani suke ƙarawa, sannan ta yarda aka yi musaya. A Rawayau aka ba shi fanbel ba gardama, sai dai an ce ya kwance da kansa. Jakin baban Garba ya saba da abinsa, ya sallame shi da harbi a cinya. Da ya isa Kurfi yana ɗingishi, maƙeri ya tarbe shi da fara'a.

"Kai ne mai ƙarhen nan? Allah shi yi maka albarka, ban taɓa bugun irinshi ba. In akwai saura ka aiko."

"Ina yake?"

Maƙeri ya ɗauko fartanya sabuwa fil, ya ce lauje biyun da ya ƙera da sauran ƙarfen sun riga sun tafi gona. Badaru ya juya fartanyar, ya ce ba komai, dama sandar ta cika tsawo. Ya sa ta a buhu, ya biya ya mai da wa ɗaliban nan uku kayansu, ya dawo gida. Yelwa ta dubi ɗingishin, ta dubi goshin da ba tabarau, ta ce sannu da duba ɗalibai.

Ran kasuwa ta zo. Tun da hantsi gangaren ya cika. Wakilin Hakimi ya zo aka shimfiɗa masa darduma, iyayen yara suka zo daga ƙauyuka, Alhaji Sodangi ya zo cikin farar riga mai aska takwas. Malam Ilu ya zo da buzun Baba naɗe a hammata. Yelwa ma ta turo da kujerar madafi, wai ai manyan makanikai ba sa nazari a tsaye.

Badaru ya iso a ƙarshe, don a gan shi. Ya dubi ɗalibansa. Layin nan ba shi ba ne. Malam Ilu ya sake musu zama yadda ake yi in manya sun zo: 'ya'yan dagatai a gaba, sai 'ya'yan malamai, sai na manoma, sai na masu sana'a can ƙarshe. Kowa na rungume da ƙarafunansa, yana murmushi.

Ya matsa kusa da wansa ya yi ƙasa da murya. "Yaya, zaman ga ba haka yake ba. A mai da kowa inda yake da."

"Da wa ke gaba?"

"Ɗan Sarkin Fawa, ina ji. Ko Garba."

"Ɗan mahauci gaban ɗan dagaci? Gaban Wakili? Kana da hankali?"

Dagacin Karofi, da ya ji an ambaci zama, ya yi gyaran murya ya gyara rawani. Maganar ta mutu nan take.

"Ko zaman yana da wani abu da gyaran?" in ji Malam Ilu.

Nan ne Badaru zai iya faɗin gaskiya ya huta. Ya dubi buzun da ke hammatar wansa.

"Ko kaɗan," ya ce. "Ilmi a ka yake."

Ya naɗe hannun riga ya faro daga ƙarshen layi kamar ba abin da ya faru. Abin da ya shiga rami ya ɗaure. Abin da ya ƙi shiga ya ba shi dutse. Baffan lagireto ya tafi inda ƙanen fulogi yake, wadda ba a faɗin sunanta ta kwanta a kife. Da aka zo kan Sada ya miƙo fartanya, Badaru ya karɓa da girmamawa ya cusa ta can cikin inji ya rufe da sauri. Jama'a na ta kabbara, don ba su taɓa ganin aiki da hanzari haka ba.

Da ya gama, sai ga ƙarfe bakwai a ƙasa da noti cike da ƙwarya.

"Waɗanga hwa?" in ji Alhaji Sodangi.

"Su ne ciwon, Alhaji. Mun hid da su."

Alhaji ya yi hamdala. Aka kawo ƙarfen da ake murɗawa a hancin mota a tayar da ita. Badaru ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito, shiru. Ɗalibai suka murɗa bi da bi, 'ya'yan dagatai a farko, shiru. Badaru ya yi gyaran murya sau biyu. Wani daga cikin 'yan gindin tsamiya ya ce a ƙara na uku ko ta ji.

"Ta daɗe kwance ne, jikinta ya yi sanyi," in ji Badaru. "Turi take so. Alhaji, bisimilla, shiga gaba, kai ne mai abu. Sada, kama sitiyari, a ga amfanin karatu."

Shi dai Badaru tun da aka haife shi bai taɓa zama a gaban mota ba, kuma bai ga dalilin farawa ranar ba. Ya koma kan kujerarsa ya harɗe. Aka janye duwatsun, ɗalibai ashirin da uku suka sa kafaɗa.

Motar ta motsa. Jama'a suka ɗauki sowa. Ta ƙara sauri, ba ƙugi ba hayaƙi, ta bar masu turi a baya, ta miƙe gangare. A ƙarshen gangaren kuwa marina ce, ramukan baba goma sha biyu cike taf.

"Yaro, tsaya!" in ji Alhaji. "Taka birki!"

Sada ya taka duk abin da ƙafarsa ta samu. "Alhaji, ba a kai mu nan ba tukuna!"

Masu rini suka watsar da zane suka yi ta kansu. Wakili ya miƙe tsaye. Daidai nan wani mutum da ya sauka daga motar Kano, da 'yar jaka a kafaɗa, ya kutso cikin taron. Ummaru direba ne. Ya ga motarsa tana tafiya ba shi a ciki, sai ya kwarara ihun da kowane direba ke yi wa yaron motarsa a kan gangare, in yana son a tokare taya da itace.

"Weji!"

"Sa!"

Badaru ne ya amsa. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Kafin a ƙifta ido ya sure kujerar da yake kai, ya manta da ɗingishi, ya bi motar a guje. Ya cim mata, ya sunkuya gefen tayar baya yana gudu daidai da ita, ya bar ta ta juya ɗaya, biyu, a na uku ya cilla itacen ƙarƙashinta, bakin siririn a gaba. Tayar ta hau, ta ja itacen yana kartar ƙasa, motar ta girgiza ta tsaya cik. Tsakaninta da ramin farko bai fi kamu biyu ba. Ko maƙiyin Badaru ya san wannan hannun gwani ne.

Ummaru ya iso yana haki, ya duba fuskar mai aikin, ya washe baki.

"A'a! Badaru Weji! Ashe nan kake? Jama'a, duk tashar Kano babu mai sa weji kamar wanga. Shekara uku yana bayan mota rungume da itacen ga, ko taku ɗaya mota ba ta taɓa zame mashi ba. Sifana ce dai ba a ba shi, tun ran da ya zuba ruwa a tankin fetur." Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba. "Alhaji, ga abin da ya lalace. Yanzu in sa shi mu tahi."

Ya buɗe gaban motar. Ya daɗe yana kallo. Can ya sa hannu a hankali ya zaro wani abu ya ɗaga sama.

"Wa ya sa hwartanya cikin injina?"

"Tamu ce," in ji baban Sada daga cikin taro. "In an gama da ita a miƙo."

Dariyar da aka yi ranar, har mutanen bakin kasuwa sai da suka zo tambaya. Badaru bai ji ko ɗaya ba. Wansa kawai yake kallo. Malam Ilu bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, ya gyara buzun a hammata ya juya ya nufi gida. Wannan ya fi harbin jakin Rawayau ciwo nesa ba kusa ba, kuma Badaru ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun ran da ya ajiye allo.

Aka sauko da Alhaji Sodangi. Ya leƙa ramin baban, ya dubi farar rigarsa, ya dubi Badaru.

"Ka kashe mini mota," ya ce, "amma ka hana ta kashe ni. Ban san wanne zan hwara yi maka ba, zagi ko godiya. Bari in sha ruwa."

Mako uku Ummaru ya yi yana harhaɗa motar, ɗaliban nan zagaye da shi, kuma a nan suka ji sunan kowane ƙarfe na gaskiya. Ashe lagireto ba shi da baffa. Amma ran farko da aka taru, Ummaru ya ce shi a wurinsa karatun mota daga weji yake farawa, don wanda bai iya tsai da mota ba bai kamata a koya masa tayar da ita ba. Kuma ya ce ba zai koyar da abu ba alhali wanda ya fi shi iyawa na zaune a gari. Aka aika gida kiran Badaru.

Ɗan aiken ya iske Yelwa na cire wa mijinta sartse da allura. Badaru ya ce ba za shi ba. Ta ɗauko itacen daga madafi ta dangwara masa a cinya.

"Tashi ka tahi, Maigida. Wanga dai ka iya shi. In an tashi ka maido mini kujerata."

Ya je. Ba tsumagiya, ba sifana a wuya. Ya nuna musu yadda ake riƙewa don kada taya ta cinye yatsu, da gefen da ake tsayawa, da yadda ake ƙirga juyin taya. Sada ya yi tambaya uku, ya amsa duka ukun. Malam Ilu na tsaye daga nesa yana kallo, hannu a baya. Da aka tashi yana so ya kira ƙanensa, ga ɗalibai a wurin, ga shi doka ce tasa ba a kiran mai koyarwa da suna ziryan. Ya matso kusa.

"Malam," ya ce. Sai ya ga abin ya yi yawa, ya ƙara, "Weji."

Buzun Baba dai bai samu ba. Sunan kuwa ya bi shi har tsufa, daga Dutsin-Ma har Kurfi. Sai dai duk wanda ya buɗe baki zai kira shi, da ya ce "Malam", Badaru kan yi maza ya amsa da ƙarfi, tun kafin a kai ga sauran.